Waiwaye: Tsohuwar Gardama Kan Nauyin Maganar da Ba a Yi Ido da Ido Ba

A watan Yunin 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada ta umarci wani manomi ya biya wani kamfanin sayen hatsi diyyar sama da dalar Kanada 82,000. Abin da ya jawo masa shi ne alamar ɗaga babban yatsa da ya tura ta waya bayan an aiko masa da hoton takardar ciniki. Shi dai ya ce nufinsa saƙo ya iso. Alƙali ya ce amincewa ce, domin dama da gajerun saƙonni irin haka suka saba ƙulla ciniki a tsakaninsu. Mutane da yawa sun yi mamakin hukuncin, kuma mamakin nan ya nuna inda muke: har yanzu akwai masu ganin abin da aka faɗa a intanet bai cika magana ba, sai an haɗu an zauna.

Wannan raini ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Kimanin shekara 2,400 da suka wuce, masanin falsafar Girka Aflatun ya ruwaito malaminsa Socrates yana kushe rubutu kansa. Hujjarsa ita ce rubutu ba ya amsa tambaya, yana faɗawa hannun wanda ya fahimce shi da wanda bai fahimta ba, in kuma aka yi masa mummunar fassara mai shi ba ya kusa balle ya kare shi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yanko jimla ɗaya daga dogon bayani a yi ta yawo da ita ya san koken nan bai tsufa ba. Amma dai duniya ba ta tsaya a kan ra'ayin Socrates ba. A ƙarni na 17 masana a Turai da wasiƙa suke muhawara, wasu har suka mutu ba su taɓa ganin juna ba. Antonie van Leeuwenhoek daga garin Delft ya riƙa aika wa ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da ke Landan bayanin ƙananan halittun da ya gani a madubin ƙara girma, kuma mujallar kimiyya da sakataren ƙungiyar, Henry Oldenburg, ya fara fitarwa a 1665 daga tarin wasiƙun da yake karɓa ta samo tushe. Babu wanda ya ce waɗannan hirar banza ce don an yi ta daga nesa.

Da kwamfutoci suka fara magana da juna sai gardamar ta dawo sabuwa. Ray Tomlinson ya aika imel na farko tsakanin kwamfutoci a 1971. A 1978 Ward Christensen da Randy Suess suka kafa allon saƙonni na farko da ake shiga ta layin tarho a Chicago, sannan Usenet, zauren muhawara ta kwamfuta wanda ɗaliban jami'ar Duke suka ƙirƙiro, ya fara aiki a 1980. Tun a lokacin aka ci karo da matsalar da har yau ba ta kau ba, wato rashin jin murya da ganin fuska. A watan Satumban 1982, a jami'ar Carnegie Mellon, wani ya yi raha a allon saƙonni wasu suka ɗauka da gaske, shi ne Scott Fahlman ya ba da shawarar a riƙa sa alamar :-) a jikin abin da wasa ne. Labarin zuciya a tambayi fuska, to ga shi babu fuskar, dole aka zana ta da haruffa.

Masu bincike na farko sun fi karkata ga raina wannan hanya. A 1976 John Short da Ederyn Williams da Bruce Christie suka kawo ra'ayin cewa gwargwadon yadda kake jin mutum yana tare da kai, gwargwadon ɗumin hirarku. A 1986 Richard Daft da Robert Lengel suka jera hanyoyin sadarwa, ganawa a sama, rubutu a ƙasa. Sai dai binciken Sara Kiesler da abokan aikinta na 1984 ya gano abu biyu a tare, kuma sau da yawa ɗaya kawai ake ambata. Gaskiya ne mutane sun fi sakin baki da zafin kai idan ta kwamfuta suke magana. Amma kuma an fi raba magana daidai a tsakaninsu, mai muƙami ko mai ƙarfin murya ba ya mamaye zaman kamar yadda yake yi in ana zaune wuri ɗaya. A ganina nan ne masu fifita ganawa suke rufe ido. Zaman ido da ido ma yana da nasa zaluncin: ƙarami yana haɗiye maganarsa, mai kunya yana shiru, wanda ba ya ji ko ba ya iya fita ba a ma lissafa da shi.

Joseph Walther ne ya juya akalar binciken a 1992, inda ya nuna cewa yawancin gwaje-gwajen baya baƙi aka haɗa na ɗan taƙaitaccen lokaci. In aka ba mutane lokaci, suna gina shaƙuwa da amana ta rubutu, sai dai a hankali. Haka ma binciken Robert Kraut na 1998, wanda ya bi mutum 169 a birnin Pittsburgh ya ce yawan amfani da intanet yana tafiya da ƙaruwar kaɗaici, ya sha yayatawa. Wanda bai sha yayatawa ba shi ne rahoton da suka sake fitarwa a 2002, cewa yawancin illolin sun gushe.

Yayin da masana ke wannan, aiki na gaske yana gudana. Da gajeren saƙo a Usenet Linus Torvalds ya sanar da Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta, a watan Agustan 1991, kuma da muhawara ta imel aka gina shi har ya zama abin da manyan kwamfutocin duniya da wayoyin Android ke tafiya a kai. Ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta ma kifar da tsarin da aka saba: matsayar da aka cimma a taron ido da ido sai an mayar da ita zauren imel an tabbatar, domin wanda bai samu halarta ba ya ce tasa. A 2009 masanin lissafi Timothy Gowers ya gayyaci duk mai iyawa su warware wata matsala a fili, aka kuma gama cikin ƙasa da wata biyu. Abin da ya haɗa waɗannan zauruka shi ne an san kowa, da sunansa ko da laƙabin da ya daɗe da shi, akwai ƙa'ida, kuma wanda ya yi shaci-faɗi yau gobe zai dawo ya tarar da shi a rubuce.

Wannan ne ya fara lalacewa daga 1993 zuwa 1994, lokacin da kamfanonin intanet irin su AOL suka buɗe ƙofar Usenet jama'a suka kwararo fiye da yadda tsofaffin mazauna za su iya koya musu ladabin wurin. Sai Facebook a 2004 da Twitter a 2006, sannan tsarin da ke ɗaga abin da ya fi jan hankali, wanda galibi shi ne abin da ya fi tayar da rai. A 2004 John Suler ya yi bayanin abin da ke cire wa mutum kunya a intanet: ba a san shi ba, ba a ganinsa, ba dole ya tsaya ya ga yadda maganarsa ta sauka ba. Ya kuma lura cewa wannan cirewar kunyar ce dai take sa wani ya iya faɗin ciwon da ya kasa faɗa wa na kusa da shi.

Hukumomi kuwa sun daɗe suna tangal-tangal. A Ingila an hukunta wani matashi a 2010 saboda rahar da ya yi a Twitter cewa zai tarwatsa filin jirgin sama da aka rufe saboda dusar ƙanƙara, sai a 2012 babbar kotu ta soke hukuncin. A shekarar ce Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar cewa haƙƙin da mutum yake da shi a zahiri dole a kare masa shi a intanet. A 2017 Kotun Ƙolin Amurka ta kira kafofin sada zumunta dandalin jama'a na wannan zamani. Abin da ya fi kowace kotu rufe bakin masu cewa ai hira ce kawai shi ne jini. A 2018 masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce Facebook ya zama makamin yaɗa ƙiyayya ga 'yan Rohingya a Myanmar, kamfanin ya kuma amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba. A shekarar dai, jita-jitar satar yara a WhatsApp ta jawo kashe mutane a Indiya, har aka taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci ɗaya.

Annobar korona ta 2020 ta tilasta gwaji mafi girma. Majalisar dokokin Birtaniya ta yi zama ta bidiyo, Kotun Ƙolin Amurka ta saurari ƙararraki ta wayar tarho. An yi aiki, amma an ga iyaka. Binciken Melanie Brucks da Jonathan Levav na 2022 ya gano cewa masu ganawa ta bidiyo ba sa kawo sababbin dabaru da yawa kamar waɗanda ke ɗaki ɗaya, ko da yake wajen zaɓar dabarar da ta fi ba su gaza ba. Ni ma ba zan ce a yi sulhu mai wuya ko a isar da labarin rasuwa ta rubutu ba matuƙar ana iya zuwa.

Inda nake ganin ana ba intanet nauyin da bai kai ba shi ne ɗaukar hayaniyarsa a matsayin muryar jama'a. Cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2019 cewa kashi 10 cikin ɗari na Amurkawa baligai masu amfani da Twitter su ke rubuta kashi 80 na saƙonnin. Shugaban da ya auna ra'ayin mutanensa da abin da ke tashe zai bi tsiraru masu yawan magana ya bar mafi yawa masu shiru. Ga kuma asusun bogi, da manhajojin da tun daga ƙarshen 2022 suke rubutu kamar mutum, abin da ya sa kafin a tambayi ko maganar ta kai a saurara, yanzu sai an fara tabbatar da cewa akwai mutumin da zai amsa cewa shi ya faɗe ta.