Kwalliyar fuska a tsakanin Hausawan Legas

Kwalliyar fuska ita ce shafa launi ko zana shi a ido da gira da leɓe da kumatu, domin ƙawata fuska, ko rufe tabo, ko fito da wata siffa da mai fuskar take so a gani. A Hausa kalmar kwalliya ta fi haka faɗi, don ta haɗa sutura da kitso da lalle da turare, har ta shiga karin magana, inda akan ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu idan wahala ta yi rana. Ana kyautata zaton daga kwalli kalmar ta fito. Hausawan Legas, waɗanda suka fi yawa a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12, suna haɗa kayan da iyayensu suka zo da su daga Arewa da na kanti, abin da 'yan mata ke kira mekop.

Kayan gargajiya

Kwalli, ko tozali, shi ne uban kayan kwalliya. Dutse ne baƙi mai ƙyalli da ake niƙawa ya yi laushi, a zuba a tandu, a riƙa zizara shi a gefen ido da ɗan tsinke. Mutanen tsohuwar Masar sun yi amfani da irinsa shekaru dubbai kafin haihuwar Annabi Isa, don an tono tukwanensa a kaburburansu. A ƙasar Hausa addini ya ƙara masa daraja, saboda hadisan da suka kwaɗaitar da yin kwalli da ismid, wani nau'in dutsen kwalli, suka ce yana ƙara gani, yana kuma tsirar da gashin ido. Shi ya sa bai zama na mata kaɗai ba. Dattawa da malamai suna sa shi ranar Juma'a da ranar Sallah, ana kuma zizara wa jarirai. Yarbawa ma sun san shi, suna ce masa tiro, don haka Bahaushen da ya sauka Ikko bai tarar da baƙon abu ba.

Bayan kwalli sai lalle. A da ana daka ganyen ne a kwaɓa da ruwa, a ƙunshe ƙafa da ganye da tsumma, hannu kuwa a zura shi cikin zunguru, wata doguwar ƙwarya, ya ɗauki sa'o'i kafin ya kama. Da katambiri ake ɗiga baƙaƙen layuka a goshi da kumatu. Goro da furen taba suna rina haƙora da leɓe su yi ja, kuma a wancan zamani jan haƙori ado ne. Akwai shuni da ake shafa wa kitso. Dilka da halawa, waɗanda ake gyara fatar amarya da su, an fi danganta su da Sudan, kuma ta hannun matan Barno da Shuwa suka yaɗu.

Yawancin waɗannan kaya sun isa Legas ne tare da fatake. Cinikin goro da shanu ya daɗe yana kai Hausawa kudu, amma bayan da layin dogo ya haɗa Legas da Kano wajen 1912 sai zangon Agege ya cika, mata suka biyo mazajensu da tandunsu da garin lallensu. Har yau a unguwannin nan akwai masu ƙunshi da ake zuwa wurinsu daga nesa, kuma cikin masu zuwan har da matan Yarbawa, musamman gab da Sallah.

Kayan kanti

Hoda da jan baki da jagira da gazal su ne suka fara shigowa, a zamanin Turawa. Matsalar da ta daɗe ita ce kamfanonin Turai da Amurka don farar fata suke yin kayansu, baƙar mace ta shafa ta fito kamar an watsa mata toka. A Legas aka fara gyara wannan a Najeriya. Tara Fela-Durotoye ta kafa kamfanin kwalliya na House of Tara a 1998, daga baya ta buɗe makarantar koyon kwalliya wajen 2004. Banke Meshida-Lawal ta yi suna da kamfanin BMPro, Oke Maduewesi kuma da Zaron. A waje, kamfanin Fenty Beauty ya fito a 2017 da launin fandeshan, wato man da ke daidaita launin fuska, har 40, ya kuma fara sayarwa a Najeriya a 2022.

Masu sari suna zuwa Balogun da Idumota da kasuwar Trade Fair da ke hanyar Badagry. Jabu ya yi yawa a harkar.

Salo

A wajen biki ne kwalliyar ke nuna kanta. Amaryar Hausawa a Legas takan sauya fuska daga kamu zuwa walima zuwa dina, kuma sau da yawa mai kwalliyar ita ce mai ɗaura ɗankwali, sana'ar da ta ɗauki abubuwa da dama daga ɗaurin gele na Yarbawa. Wata na son a cika ido da ƙyalli ya dace da launin anko, wata kuwa kwalli da man leɓe sun ishe ta. Finafinan Kannywood da Instagram da TikTok suna saurin yaɗa sabon yayi. Akwai dai ƙorafin da ake yawan ji a gidan biki, cewa an yi wa amarya fenti har dangin ango ba su gane ta ba.

Matakan mai koyo

Ana farawa da wanke fuska a shafa mai marar maiƙo. Wannan ya fi muhimmanci a Legas, inda iska ke da laima kusan duk shekara, ga zufar cunkoson motoci. Man da ya yi wa mutum daidai a hunturun Kano zai narkar da kwalliya tun kafin a fita daga Agege. Fandeshan a gefen muƙamuƙi ake gwada shi, a hasken rana, kuma wanda ya ɓace cikin fata shi ne daidai. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne zaɓen wanda ya fi su haske, sai fuska da wuya su raba hanya. Ana ɗiga kaɗan a baza da soso mai ɗan danshi, a rufe tabo da konsila, a bi da hoda a goshi da hanci da haɓa. Gira ana cike ta da jagira da gajerun layuka masu bin gashin. Sai kwalli da maskara, jan baki a ƙarshe.

Akan wanke soso da burushi duk mako, a canza maskara bayan kamar wata 3, kuma ba a kwana da kwalliya.

Lafiya

Kwallin gargajiya da yawa yana ɗauke da dalma. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da aka samu gubar dalma a jininsa. Da aka auna tiron da ake sa masa, dalmar ta haura kashi 82 cikin 100. Baƙin lalle na dayis yakan ƙona fatar wasu. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke yi wa kayan shafa rajista, kuma a 2023 ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa.

Hukunci

Malamai sun yarda da kwalli da lalle da kwalliyar mace ga mijinta. Abin da ya hana ruwa taɓa fata, kamar jan farce, sai an cire shi kafin alwala, shi ya sa mata da yawa suke yin alwala tukuna. Aske gira da fita da kwalliya bainar jama'a, yawancinsu sun hana; a kan gashin ido na kanti kuwa maganarsu ta rabu.