Waiwaye: Yadda Asara Ta Haifi Sana'ar Tsaron Intanet a Legas

A watan Fabrairun 2023, lokacin da takardar naira ta yi ɓatan dabo, wani kawuna da ke dillancin tumatir a kasuwar Mile 12 ya sallama wa wani mai saye kwando goma sha biyu. Mutumin ya nuna masa fuskar waya, ga rubutu cewa kuɗi sun tafi, can kuma wayar Kawu ta yi ƙara, saƙo ya shigo da sunan banki. Yara suka loda kaya, mota ta tashi. Sai bayan la'asar, da ya aiki autansa wajen mai POS, aka ce masa asusun yadda ya kwana haka yake, ko sisi bai shiga ba. Kawu ya shekara talatin yana gane jabun kuɗi da ɗan yatsa, ko a duhun asuba. Ranar ya zauna a kan benci yana jujjuya wayar, ya dubi yaron ya ce, "Kai Auta, kai da ka yi boko, wannan abin ba shi da mai gadi ne?"

Yana da mai gadi, kuma gadin ya zama sana'a mai albashi a garin nan. Sai dai wanda ya bi sawunta zai ga ta zo ne a juye: asara ce ta fara isowa, doka ta biyo ta, makaranta ta zo a ƙarshe tana haki.

Damfarar da ta ɓata wa Najeriya suna ta girmi intanet. Lambar nan 419 sashe ne a kundin dokar laifuffuka wanda ya yi magana kan karɓar dukiya da yaudara, kuma tun a shekarun 1980 ake aika wasiƙun ƙarya ta gidan waya, daga baya aka koma na'urar faks. Mafi girma da aka yi a wancan zamani ita ce ta Emmanuel Nwude, wanda tsakanin 1995 da 1998 ya sa wani jami'in bankin Noroeste na ƙasar Brazil ya turo dala miliyan 242 da sunan kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja, filin da babu shi. A Legas aka yanke masa hukunci a 2005, shekara biyu bayan hukumar EFCC ta fara aiki ƙarƙashin Nuhu Ribadu.

Kafin nan wayar salula ta shigo a 2001, shagunan intanet kuma suka cika unguwanni. Na tuna wani a Agege, a saman bene, kwamfutoci goma da fanka guda. Ka biya kuɗin awa ɗaya a ba ka 'yar takarda mai lamba, rabin awar kuma ta ƙare kana jiran shafi ya buɗe. Da dare akan rufe ƙofa da waɗanda suka sayi kwana, kuma kowa ya san ba duka ne ke neman gurbin karatu ba. Akwatin saƙon Yahoo suke amfani da shi, daga nan sunan 'yan yahu ya samo asali. Abin da wannan zamani ya bari a zukatan iyayenmu na Agege da Idi-Araba da Alaba Rago bai goge ba har yau. Yaron da ya daɗe a gaban kwamfuta, kallon ɓarawon zaune ake yi masa. Gara a gan shi a bayan tirelar albasa.

Ana cikin haka ƙasa ta zame a ƙarƙashin kowa. A 2010 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda biyu, MainOne da Glo-1, suka fara aiki daga gaɓar Legas. A Janairun 2012 Babban Bankin Najeriya, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, ya zaɓi Legas don gwajin tsarin rage yawo da tsabar kuɗi. Lambar BVN ta tantance masu asusun banki ta zo a Fabrairun 2014. A Yaba kuma cibiyar fasaha ta CcHub ta buɗe a 2011, kamfanin Andela mai horar da masu rubuta manhaja ya biyo a 2014, har Mark Zuckerberg mai Facebook ya tako unguwar da ƙafarsa a 2016, ga kuma kamfanonin biyan kuɗi ta intanet irin su Paystack da Flutterwave sun fito a garin. Kuɗi sun bar aljihu sun koma waya, ɓarawo ya bi su can. Wanda a da yake farautar Bature a ƙetare ya gane cewa ga nama a gida.

A nan ƙanƙantar Legas take da amfani a labarin. Ita ce jiha mafi ƙanƙanta a faɗin ƙasa a Najeriya, murabba'in kilomita dubu uku da 'yan ɗaruruwa, jihar Neja ta ninka ta fiye da sau ashirin. Amma a wannan ɗan tsukin ne hedikwatar mafi yawan bankuna take, tsakanin Marina da Victoria Island, nan kamfanonin waya suke, nan rumbunan ajiyar bayanai suke, nan wayoyin teku ke fitowa tudu. Duk ƙwan a kwando ɗaya. An ga haka ranar 14 ga Maris 2024, da wasu wayoyin suka tsinke a tekun Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna suka yi ta juyi, masu POS suka naɗe hannu. Ga mai neman aiki kuwa wannan cunkoso alheri ne, domin masu ɗaukar ma'aikatan tsaro kusan duk suna inda motar haya ta danfo ɗaya ko biyu za ta kai shi.

Masana kan kawo misalin Estoniya idan ana zancen ƙaramin wuri da babban tsaro. Ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 1.3, wato kwatankwacin abin da ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Alimosho ita kaɗai. A Afrilun 2007, bayan gwamnati ta ɗauke wani gunkin sojan Tarayyar Sobiyet daga tsakiyar birnin Talin, aka yi wa shafukan bankuna da jaridu da ma'aikatu ruwan hare-hare na tsawon makonni. Shekara guda bayan haka ƙungiyar NATO ta kafa cibiyarta ta tsaron intanet a birnin. Su ma wuya ce ta koya musu. Bambancin shi ne sun riga sun shigar da kwamfuta makarantunsu tun ƙarshen shekarun 1990, don haka da bala'in ya zo akwai waɗanda za a kira.

Mu doka ce ta buɗe guraben. A watan Mayun 2015 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar laifuffukan intanet, kwanaki kaɗan kafin ya bar mulki. Wadda ta fi taɓa kasuwar aiki kuwa ita ce ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2018, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019: kowane banki da kamfanin hada-hadar kuɗi sai ya naɗa babban jami'in tsaron bayanai, ya riƙa gwada katangarsa, ya kai rahoto. A wannan Janairun na 2019 dai hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, lokacin Isa Ali Pantami na shugabantarta, ta fitar da ƙa'idar kare bayanan jama'a. A Yunin 2023 wannan ta zama cikakkiyar doka mai hukumarta, kuma ta wajabta wa manyan masu riƙe bayanan mutane su ajiye jami'in da zai kula da su. Gyaran da aka yi wa dokar 2015 a Fabrairun 2024 ya rage wa'adin kai rahoton kutse daga kwana bakwai zuwa awa 72. (Gyaran nan ne kuma ya zo da harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan tura kuɗi, wanda aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa a watan Mayu har aka jingine shi.) Kowane layi a waɗannan takardu kujera ce da sai an sami mai zama a kanta. Banki bai ɗauki mai gadi don tausayin Kawu ba, tsoron tara ne.

To ina za a samo mutanen? Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana cikin na farko da suka buɗe sashen tsaron intanet mai zaman kansa, amma shekaru da yawa mafi yawan jami'o'i digirin kimiyyar kwamfuta kawai suke bayarwa, tsaro kuma darasi ɗaya ne da ake taɓawa a shekarar ƙarshe. Sai a Disambar 2022 hukumar jami'o'i ta NUC ta fitar da sabon tsarin karatu da ya ware fannin kwamfuta daban, da digirin tsaron intanet a cikinsa. Hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha ta raba babbar difloma ta kimiyyar kwamfuta gida huɗu a farkon 2024, ɗaya daga ciki tsaron intanet da kare bayanai. A ƙarshen 2023 ministan sadarwa Bosun Tijani, wanda yana cikin waɗanda suka kafa CcHub, ya ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku, aka fara da dubu 30, kuma tsaron intanet na cikin darussan. Ka lissafa: daga kafuwar EFCC zuwa tsarin NUC shekara goma sha tara ke nan.

A tsawon wannan giɓi satifiket ɗin ƙetare ne ya zama kuɗin shiga, har yanzu kuma shi masu ɗaukar aiki suka fi dubawa. Mai farawa yakan nemi Security+ na CompTIA, jarrabawarsa wajen dala 400. Mai son binciken tsarin banki ya nufi CISA. CISSP, wanda ake nema ga manyan kujeru, dala 749 ne, kuma sai ka yi shekara biyar a bakin aiki kafin a ba ka cikakkensa. Duk da dala ake biya. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Jarrabawar ba ta ƙara wuya ba, kuɗinta ne ya ninka sau uku. Ƙungiyar ISC2, mai ba da CISSP, ta ɗan sassauta a 2022 da ta buɗe horo da jarrabawar matakin farko kyauta ga mutum miliyan ɗaya a duniya, kuma Cisco na da darussan share fage da ba a biya.

Aikin kansa bai yi kama da abin da ake gani a fim ba. Mafi yawan masu farawa zaman gadi suke yi na gaske, a ɗaki mai sanyi da allunan kwamfuta, ana karɓa-karɓa dare da rana, ana duba ƙararrawa ɗari don a gano guda ɗaya ta gaskiya. Akwai waɗanda kamfani ke biya su yi masa kutse da izini, su rubuto inda katanga ta tsage. Akwai masu bin sawun kuɗin da aka sace daga asusu zuwa asusu kafin a kwashe. Akwai kuma masu takarda zalla, waɗanda ke auna kamfani da abin da doka ta ce, kuma nan lauya ko akanta ke iya shiga ba tare da ya iya rubuta manhaja ba. Guguwar ficewa ƙasashen waje, wadda Yarabawa suka ba sunan japa, ta kwashi ƙwararru da yawa zuwa Ingila da Kanada, ta bar kujeru. Matsalar ita ce kujerun manya ne suka faɗi, sanarwar aikin ƙanana kuma sai ka ga ana neman gogewar shekara biyu ko uku.

Akwai kuma wani mai ɗaukar aiki da ba ya tambayar satifiket. A Disambar 2024 EFCC ta kai samame wani dogon bene a Victoria Island ta kama mutum 792, cikinsu 'yan China 148 da 'yan Filifin 40. Hukumar ta ce baƙin suna ɗaukar matasan Najeriya masu hannu a kwamfuta, su horar da su, su zaunar da su a tebur suna yaudarar mutanen ƙetare da soyayya da jarin ƙarya. Ofis ne sosai, hawa-hawa. Yaron da ya iya abin, ya rasa kuɗin jarrabawa, ya rasa mai ɗaukarsa koyon aiki, an san ƙofar da ke buɗe masa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rabon da Hausawan Legas suka samu a wannan tafiya. Asarar mun biya kasonmu cif. Cinikin shanu a Oko-Oba, canji a Broad Street, gwari a Mile 12, duk sun koma tura kuɗi ta waya, kuma da amana aka saba yin su, ba da rasit ba. 'Yan damfara sun gane haka, yanzu da Hausa tsantsa suke kira: "Alhaji, daga banki ne, za a rufe BVN ɗinka, karanto mini lambar da ta shigo yanzu." Amma idan Alhajin ya kira banki don kuka, sau da yawa da Turanci za a amsa masa. Bankuna da kamfanonin POS suna da miliyoyin masu hulɗa da ba sa jin wani harshe sosai sai Hausa, kuma teburin binciken damfara yana buƙatar wanda zai saurari irin wannan kira ya gane salon. Yaron da ya tashi a Agege yana jin Hausa da Yarabanci da Turancin kasuwa yana riƙe da abin da ba a koyarwa a Minna ko Yaba. Ba a gaya masa ba ne, gida kuma ana ce masa ya ajiye kwamfutar nan kada ya jawo wa dangi abin kunya.

Tsoron iyayen ma ba a banza yake ba. Zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 ta taso ne a kan cin zalin 'yan sanda, har da yadda suke tare matasa a hanya don an gan su da kwamfuta ko waya mai tsada. Autan Kawu, wanda tun ranar tumatirin nan ya sa abin a ransa, ya sayi tsohuwar laftof a Computer Village da ke Ikeja, kuma sau biyu wasu masu kaki suna sauke shi daga mota su ce ya buɗe ta. Yanzu a cikin buhun shinkafa yake ɗaukarta, da katin makarantarsa a aljihun gaba.

A rumfa an canza doka. Kwando ba ya tashi sai Auta ya buɗe manhajar banki ya ga kuɗin da idonsa, ko da mai saye zai yi ta tsaki yana duba agogo. Da dare kuma yana bin darussan kyauta idan akwai wuta. Kwanakin baya na je gaishe su, na tarar yana yi wa mahaifinsa bayanin jarrabawar da yake son zaunawa.

"Baba, dala ɗari huɗu ce. Wajen naira dubu ɗari shida."

Kawu ya yi shiru, ya dubi jerin kwandunan da aka sauke da asuba daga motar Kano.

"A farashin yau," ya ce, "kwando nawa ke nan?"