Wace mujallar aikin katako zan biya wa kuɗin shekara? A karanta nan kafin a sake tambayata

Jama'a tambayoyin nan dai su ne kullum, yau wannan ya yi gobe wancan ya maimaita, to na tattara su wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Wacce ce ta fi kyau a cikinsu duka?

Babu. Ka fara gaya min kayan aikin da kake da su da abin da kake son ƙerawa, sannan mu yi magana.

Na ga ragi mai yawa in na biya na shekara uku, in biya?

Kar ka biya. Shekara ɗaya, mujalla ɗaya. Mujallun nan suna rufewa, suna haɗewa, ana sayar da su. A 2014 aka narkar da American Woodworker cikin Popular Woodworking, ShopNotes ma a shekarar ta daina fitowa a takarda aka mayar da masu biyanta kan Woodsmith, kamfanin da ke da Popular Woodworking ɗin kansa ya karye a 2019. Wanda ya zuba kuɗin shekaru sai ya wayi gari ana aiko masa da abin da ba shi ya zaɓa ba. Kuma ko ba a rufe ba, kai kanka nan da shekara ɗaya hannunka ya canza, abin da kake buƙata ya canza.

To bambancinsu fa?

A gurguje. Woodsmith, da ta fara a 1979 a jihar Iowa ta Amurka, ita ce ta mai son a riƙe masa hannu: zane dalla-dalla, jerin kowane guntun katako da awonsa, har yadda za ka tsara yanka a jikin falanki don kar ka yi asara. WOOD ta 1984 ma kusan haka take, da ƙananan ayyukan gida da gwajin injina. Fine Woodworking ta fara a 1975 a jihar Connecticut ta Amurka, ita ta fi karkata ga kayan ɗaki masu kyan gaske da dabarun haɗa katako, sau da yawa tana ɗauka ka riga ka iya abubuwan farko. Mortise & Tenon sau biyu take fitowa a shekara, ba talla, kayan hannu zalla da tarihin yadda kafintocin da suke aiki. A Ingila akwai The Woodworker tun 1901, da Furniture & Cabinetmaking, da Woodturning ta masu injin juya katako. Shi ke nan, sauran ka duba da idonka.

Ni sabon shiga ne, ba zan ji kunya ba in ban fara da Fine Woodworking ba?

Haba malam, kunyar me? Wa zai zo shagonka ya duba sunan mujallar da ke kan benci? Abin da za a duba durowar da ka yi ce, tana buɗuwa ko tana cijewa. Ka ɗauki mai zane mataki-mataki, ka ƙera abu uku ko huɗu daga cikinta, hankalinka kwance. Waccan ba guduwa za ta yi ba.

Ta yaya zan gane ta dace da ni kafin in biya?

Ka sayi fitowa ɗaya ko ka aro. Ka buɗe aikin farko ka ƙirga injinan da aka yi amfani da su, in rabinsu ba ka da su kuma ba ka da niyyar saye, ajiye ta. In ka kai shafin ƙarshe ba ka ga ko abu ɗaya da ya sa ka ji kana son tashi ka ɗauki zarto ba, ba taka ba ce.

Awon mujallun Amurka duk da inci ne, ni da milimita nake aiki, katakon da suke kira ma ba shi nake samu ba. Zan amfana kuwa ko asarar kuɗi ce?

Yauwa, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsar ita ce ya danganta, zan faɗi abin da ya danganta da shi. In dabara kake nema, wato yadda ake wasa kaifi, yadda ake fere fuskar katako ta miƙe, yadda ake sara rami a soka masa harshen katako ya zauna daram, yadda ake shafa mai ko banish, to wannan ba ruwansa da inci ko milimita, za ka amfana ɗari bisa ɗari. Inda matsalar take shi ne in kana so ka ɗauki zanen nan ka bi shi lamba-lamba. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, to kashi uku cikin huɗu na inci da suke yawan rubutawa a matsayin kaurin katako ya zama 19.05, kai kuma filawud ɗin da ke hannunka mai yiwuwa 18 ne, wani lokacin ma bai cika ba. Milimita ɗaya kamar ba komai ba ne, amma ka yanka rami na 19 ka saka allo na 18 ka ga yadda zai riƙa rawa a ciki, gam ba zai cike maka wannan ba. Kuma kuskuren taruwa yake yi, kabad mai hawa huɗu ko biyar kowane hawa ya ci maka milimita ɗaya, ka zo saka ƙofa ka ga ta ƙi zama. Saboda haka hanya biyu ce. Ko dai ka sayi tef mai inci ka yi aikin gaba ɗaya da inci ba tare da ka juya ko lamba ɗaya ba, ko kuma ka zauna da fensir ka sake zana aikin daga farko da milimita, ka riƙe tsawo da faɗi da zurfi na waje, sauran ka fitar da su daga kaurin katakon da ke gabanka. Abin da nake hanawa shi ne juya lambobi ɗaya-ɗaya da kalkuleta kana yanka, nan ake ɓarna. Ni na fi son hanya ta biyu don ita ke koya wa mutum aiki, amma ba zan ce dole ba, akwai wanda in ya taɓa zanen sai ya rikice, shi gara ya bi inci ɗin.

Sai maganar katako. Za ka ga suna kiran itatuwan can irin su oak, ceri, walnot, mefil. Ba laifi ka musanya da wanda kake samu, amma ka sani katako yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa in danshin iska ya canza, ta tsawo kuwa kusan ba ya motsi, kuma kowane iri da nasa, farin oak ya fi mahogani motsi. Su kuma zanensu sun yi shi ne da tunanin katakon da aka busar ya koma danshi kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. In naka bai bushe haka ba, ko iskar inda kake ta fi tasu sauyawa tsakanin lokacin danshi da lokacin bushewa, to sararin da suka bari a bayan durowa ko gefen allon ƙofa ba lallai ya ishe ka ba, ka ƙara. Nawa za ka ƙara? Wannan sai ka gwada da guntun katakonka, ka auna faɗinsa yau ka sake aunawa bayan yanayi ya juya. Akwai kuma injina: nasu na wutar lantarki mai ƙarfin volt 120 ne, kuma suna yawan haɗa faifan zarto da yawa su yanke rami mai faɗi a wucewa ɗaya, injinan Turai da dama ba sa ɗaukar wannan, sai ka nemi wata hanyar. In duk wannan ya yi maka yawa, ɗauki ta Ingila ko Australian Wood Review, su da milimita suke aiki. In kuma kana iya jure sake zane, na Amurkan sun fi yawan ayyuka masu cikakken bayani. Ka auna haƙurinka.

Gwajin injina da suke bugawa, a yarda da shi?

A karanta da ido biyu. Masu ƙera injinan ne ke biyan kuɗin talla a yawancinsu. Ba na cewa ƙarya suke yi, amma ka fi riƙe lambobin da suka auna fiye da yabon da ke ƙarshe.

Takarda ko ta waya?

Takarda tana zama a kan benci, ƙura ba ta kashe ta, kana iya rubutu a gefe. Ta intanet ba jiran gidan waya, ba kuɗin aikowa daga wata ƙasa, kuma wasu kamar Fine Woodworking suna buɗe maka tsofaffin fitowa tun daga farko in ka biya na yanar gizo. Ga mai koyo wannan rumbun ya fi sabuwar fitowa amfani, don yadda ake haɗa katako bai canza ba. Ka dai tambaya ko ana iya saukewa a buga, da abin da zai rage a hannunka ranar da ka daina biya.

An cire min kuɗi ban ce a sabunta ba!

Ka ce, ranar da ka saka katinka ba ka karanta ƙananan rubutun ba. Yawancinsu sabunta kansu suke yi, kuma ragin shekarar farko ba ya bin ta biyu. Ka shiga asusunka ka kashe shi tun ranar da ka biya.

Na shekara biyu ina karɓa, sai nake ganin kamar maimaici suke yi.

Maimaici ne, ba idonka ba ne. Wasa kaifi, bencin aiki, akwatin kayan aiki, su ke zagayowa don kullum akwai sababbin masu karatu. Ka dakata, ko ka koma wata mai tsauri, kuɗin ka sayi katako.

Ba YouTube ya wadatar ba?

Don ganin yadda hannu ke tafiya, ya fi mujalla. Don awo da zanen da wani ya duba kafin a buga, bai kai ta ba. Ka haɗa biyun.