Waiwaye: Yadda allura ta fara karɓar aikin wuƙa a jakar ruwan hanta

Duk mahaucin da ya daɗe a kwata, a Birnin Kebbi ne ko Argungu, ya san jakar nan mai ruwa garai-garai da ake tararwa a hantar tunkiya ko huhun raƙumi. Sau da yawa yanke wurin ake yi a wurga wa karnuka. Jakar gidan 'ya'yan wata tsutsa ce, kuma ta nan cutar, wadda likitoci ke kira hydatid, ke zagayowa: tsutsar ta girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita a kashinsa, ya shiga ciyawa, ruwa ko hannun yaro. Mutum ma tana kama shi, galibi a hanta, ta yi shekaru tana girma shiru.

A da, likita ba ya kusantar wannan jaka da allura. Tsoron yana da tushe. In ruwan ya zuba cikin ciki, jiki kan yi bore nan take har numfashi ya sarƙe, ga kuma 'ya'yan tsutsar da za su watsu su kafa sabbin jakunkuna. Saboda haka tiyata kawai aka sani.

Sikanin ne ya fara sauya lissafi. A 1981 likita Gharbi na Tunisiya ya rarraba jakunkunan gida-gida bisa yadda suke fitowa a hoto, sannan maganin tsutsa na albendazole ya samu. A 1986 Ben Amor da abokan aikinsa, su ma a Tunisiya, suka bayyana hanyar da ake kira PAIR: a soka siririyar allura ana kallon sikanin, a zuƙe ruwan, a zuba ruwan gishiri mai ƙarfi ko sinadarin alkohol ya kashe 'ya'yan tsutsar, a sake zuƙewa. Ana bi ta cikin naman hanta kafin a taɓa jakar, domin naman ya toshe ramin.

Da tsoro ya ragu, sai tambaya ta koma: ta yaya za a shiga? Jakar da ta wuce santimita 10 ba ta ƙarewa a zama ɗaya, sai an bar mata roba tana tsiyaya, kuma hanyar sa robar biyu ce. Akwai ta Seldinger, ɗan Suwidin da ya fito da ita a 1953 don jijiyoyin jini: allura ta shiga, a zura waya, a cire allurar, a faɗaɗa hanya, sannan roba ta bi wayar. Tana ba likita damar bi a hankali, amma kowace musanyar kaya ƙofa ce da ruwa zai iya yoyo. Ta biyu kuwa, wadda ake kira turoka, robar na sanye a jikin tsinken ƙarfe, suka ɗaya an shiga. Ta fi sauri, sai dai tana son hannun da ya saba, da jakar da hanyarta ke fili. A ganina ba a raba wannan gardama da sunan hanya. Wurin da jakar take da ƙwarewar mai riƙe da allurar su ke raba ta.

Ba kowace jaka ake sokawa ba. Wadda ta cika da ƙananan jakunkuna a ciki takan dawo bayan PAIR, shi ya sa likitoci a Turkiyya suka ɓullo da roba mai faɗi da ake wanke cikin da ita. Wadda ta haɗe da hanyar maɗaciya ba a zuba mata sinadari, don yana ƙona hanyar. Ta huhu ba a yi mata haka. Wadda ta bushe ta ƙanƙare, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar ta ana dubawa.

Abin da ke damuna shi ne makiyayin da zai taso daga yankin Zuru ko Yauri da kumburi a gefen dama, a ɗauka ƙurjin hanta ne a soka ba shiri. Kafin allura ta shiga ana buƙatar wanda ya iya karanta sikanin, albendazole kafin aikin da wata guda bayansa, da allurar adrenalin a kusa da gadon saboda boren jiki.