Waiwaye: Chadi tsakanin ƙungiyar kuɗi da ƙungiyar ruwa

Ɗan kasuwar da ya ɗauko kaya a Maiduguri, ya bi ta Gamboru da Fotokol, ya kwana Kusiri, da safe ya haye gadar Ngeli zuwa Injamena, ƙasashe uku ya taka. Sai dai ɗaya daga cikinsu, Najeriya, tana cikin ECOWAS, yayin da Kamaru da Chadi suke cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta tsakiyar Afirka. Shi ya sa ba ya rabuwa da 'yan canji. Ko sefar da ke aljihunsa ba ita ce sefar Difa ta Nijar ba, duk da darajarsu ɗaya.

Asalin wannan rabuwa na komawa 1964. A ranar 22 ga Mayu, Tombalbaye na Chadi da Ahijo na Kamaru da Diori Hamani na Nijar da Tafawa Ɓalewa na Najeriya suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a Fort-Lamy, wato Injamena ta yau. A watan Disamba kuma aka rattaba hannu a Barazabil kan ƙungiyar kwastan ta UDEAC, ta ƙasashen da Faransa ta raina. Ta farko ruwa da kifi da kiwo ne suka haɗa ta, ta biyu kuwa gadon mulkin mallaka ne.

Zaman Chadi a UDEAC bai yi daɗi ba tun farko. Ƙasa ce da ba ta da gaɓar teku, tana ganin masana'antu da kuɗin fito suna taruwa a ƙasashen bakin ruwa, ita kuwa sai kallo. A 1968 ta fice, ta haɗa kai da Mobutu, shugaban Kongo-Kinshasa, ba ta dawo ba sai 1984. Duk da haka a Injamena aka sa hannu kan yarjejeniyar CEMAC, wadda ta gaji UDEAC, a Maris 1994, wata biyu bayan an karya darajar sefa da rabi. Ba yadda za ta yi: kayanta ta Duwala suke shigowa, manta kuma tun 2003 ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 yake bi daga Doba zuwa Kiribi, a gaɓar tekun Kamaru. Abin takaici, ECOWAS ta amince da 'yancin zirga-zirga tun 1979, CEMAC kuwa sai a 2017 dukkan mambobinta shida suka yarda su soke biza a tsakaninsu.

Inda Chadi ta fi ƙarfin faɗa-a-ji shi ne fagen soja, kuma da shi tsohon shugabanta Idriss Déby ya gina siyasarsa ta waje. Ta shiga G5 Sahel, ƙungiyar tsaro da raya ƙasa ta ƙasashen Sahel biyar, a 2014, amma Mali ta fita a 2022, Nijar da Burkina Faso suka bi sahu a ƙarshen 2023, ƙungiyar ta watse.

Hukumar Tafki ita ce ta fi kusa da rayuwarmu, domin ita ce ta zaunar da maƙwabtan huɗu kan tabarma ɗaya ba tare da duba Ingila ko Faransa ce ta raine su ba. Bandar da ake lodi zuwa kasuwannin Najeriya da shanun da ake korawa yamma duk daga yankinta suke fitowa. Amma tun da aka mai da hedikwatar rundunar haɗin gwiwa Injamena a 2015 don yaƙar Boko Haram, maganar bindiga ta danne maganar ruwa. Ban raina wannan yaƙi ba, kuma wanda ya tuna sojojin Chadi kusan ɗari da aka kashe a Bohoma a Maris 2020 ba zai raina shi ba. Sai dai ita kanta rundunar tana tangal-tangal: bayan harin da aka kai wa sojojin Chadi a Barkaram a Oktoba 2024, Shugaba Mahamat Déby ya yi barazanar janye sojojinsa, Nijar kuma ta fice a Maris 2025. Shirin janyo ruwa daga yankin kogin Kongo don farfaɗo da tafkin, wanda aka tattauna a taron Abuja na 2018, har yau masunta da makiyaya suna jiransa.