Lasthenia conjugens

Lasthenia conjugens ɗan tsiro ne mai rawayar fure daga dangin tsirran da ake kira Asteraceae (dangin su shuwaka da latas), kuma ba a samunsa ko'ina a duniya sai a jihar Kalifoniya ta Amurka. Shekara ɗaya tak yake yi: ya tsiro, ya yi fure, ya zubar da iri, ya bushe. Tsayinsa bai cika wuce santimita 30 ba. Edward Lee Greene ne ya raɗa masa sunan kimiyya a 1888, mutanen yankin kuwa suna kiransa da sunan da ke nufin "filayen zinariya na Contra Costa", wato wata gunduma a jihar.

Mazauninsa

A kududdufan da ke cika su ƙafe duk shekara yake rayuwa. A Kalifoniya lokacin sanyi ruwan sama yake sauka, kuma a wasu filayen akwai yumɓu mai tauri a ƙarƙashin ƙasa wanda ke hana ruwa nutsewa, sai ya kwanta na makonni ko watanni. Yawancin ciyayi ba sa jure wannan jiƙa da fari. Shi kuwa nan ne gidansa. Daga Maris zuwa Yuni, ruwa na janyewa furen na bin sawunsa, har ya yi wa kududdufin zobe, rawaya kamar an barbaɗa garin ɗorawa. Ƙananan ƙudan zuma masu haƙa rami a ƙasa ne ke yi masa barbara.

Irinsa ba shi da gashin nan da iska ke ɗauka, don haka kusa da uwarsa yake faɗuwa. Idan aka cike kududdufi, da wuya ya samu wani.

Halin da yake ciki

A 1997 Hukumar Kula da Kifaye da Namun Daji ta Amurka ta sanya shi cikin tsirran da ke gab da ɓacewa. Gine-gine, noma da janye ruwa sun cinye mafi yawan kududdufan. Abin da ya rage ya fi yawa a gundumar Solano, kewayen garin Fairfield, har da cikin sansanin sojan sama na Travis, sai kuma tsohon barikin Fort Ord a gundumar Monterey.

Abin mamaki, killace wuri kaɗai ba ya cetonsa. Inda aka kori shanu gaba ɗaya, baƙin ciyayin da aka shigo da su daga Turai kan yi kauri, busasshen karansu ya rufe ƙasa, su shanye ruwan da wuri. Shi ya sa a wasu wuraren da aka keɓe ake sakin shanu su yi kiwo daidai gwargwado.