Me ya sa gwamnatin Kanada ke bai wa 'yan asalin ƙasa kuɗi don su halarci zaman tuntuɓa?

A Kanada, kafin a shimfiɗa bututun mai ko a buɗe mahaƙar ma'adinai a yankin da 'yan asalin ƙasa ke da haƙƙi, wajibi ne gwamnati ta tuntuɓe su. Sau da yawa kuma ita ce ke ba su kuɗin da za su shirya wa zaman, ko da kuwa za su zo ne su ce ba su yarda ba.

Su wane ne 'yan asalin ƙasar, kuma daga ina wajibcin ya samo asali?

Al'ummomin da Turawa suka tarar a can ne da zuriyarsu. Tsarin mulkin ƙasar na 1982, a sashe na 35, ya amince da haƙƙoƙinsu. Rukuni uku ne: First Nations, masu al'ummomi fiye da 600, sai Inuit na can arewa mai ƙanƙara, sai Métis, waɗanda suka samo asali daga auratayyar 'yan asalin ƙasar da Turawan farko. Ƙidayar 2021 ta nuna sun kai kusan miliyan 1.8, wato kashi 5 cikin 100 na jama'ar ƙasar.

Wajibcin tuntuɓa kuwa Kotun Ƙoli ce ta fayyace shi a 2004, a shari'ar al'ummar Haida da gwamnatin lardin Biritish Kolombiya, kan lasisin saran itatuwa a tsibiransu. Kotun ta ce muddin gwamnati ta san akwai haƙƙin 'yan asali, ko da ba a kai ga tabbatar da shi a kotu ba, kuma matakin da za ta ɗauka zai iya taɓa shi, to sai ta tuntuɓa. Iya ƙarfin haƙƙin da girman illar, iya zurfin tuntuɓar. Nauyin kuma a wuyan gwamnati yake, ba kamfani ba, ko da ta wakilta kamfanin ya yi wasu zirga-zirgar.

To zama a saurari mutane har sai an kashe kuɗi?

Nan ne gizo ke saƙar. Kamfani na zuwa da injiniyoyi da lauyoyi da rahoton dubban shafuka kan ruwa da ƙasa da namun daji. A ɗaya ɓangaren kuwa, wataƙila ƙauye ne mai mutum ɗari shida, ofishinsa na kula da filaye ma'aikaci ɗaya ko biyu ne, ga wasiƙun wasu kamfanonin jibge a kan tebur, kowacce da wa'adin mayar da amsa.

Abin da ya faru a Clyde River ya ishi misali. Ƙaramin gari ne na Inuit a tsibirin Baffin da ke yankin Nunavut, mutanensa kusan 1,000, kuma abincinsu da sana'arsu sun dogara da farautar dabbobin teku. Wasu kamfanoni suka nemi izinin binciken mai a teku ta hanyar harba ƙara mai tsananin ƙarfi cikin ruwa. A tarukan 2013, mazauna garin suka yi tambayoyi masu sauƙi: wace dabba abin zai shafa, zai kore su daga inda muka saba samun su? Wakilan kamfanonin suka kasa amsawa. Daga baya sai suka kawo takarda mai shafi 3,926 a matsayin amsa. Mafi yawanta ba a fassara ta zuwa harshen Inuktitut ba, ga intanet ɗin yankin ba ƙarfi, sauke ta ma ya gagara. Ba a yi zaman sauraron bahasi baki da baki ba, ba a kuma ba su ko sisi na ɗaukar masanin da zai karanta musu ba. Duk da haka hukumar makamashi ta ƙasa ta ba da izini a 2014.

A ranar 26 ga Yuli, 2017, Kotun Ƙoli ta soke izinin. Abin lura, a wannan ranar ta yanke wata shari'ar ta al'ummar Chippewas ta kogin Thames da ke lardin Ontariyo kan bututun mai na kamfanin Enbridge, ta ce tuntuɓar da aka yi musu ta wadatar. Cikin bambance-bambancen da ke tsakanin shari'o'in biyu akwai cewa su Chippewas an ba su kuɗin halarta, an kuma saurare su baki da baki.

Me ake yi da kuɗin?

Ana biyan masana su duba rahoton kamfani, ana biyan lauya, tafinta, kuɗin jirgi da masauki, domin wasu garuruwan arewa babu hanyar mota zuwa cikinsu. Ana kuma ba dattawa ɗan hasafi idan sun zauna sun bayyana inda ake farauta, inda kifi ke hayayyafa, inda kaburburan kakanni suke. Wannan na ƙarshen ya fi yadda ake zato muhimmanci. Ilimin yana kan mutane ne, ba a rubuce yake ba, kuma kafin hukuma ta ɗauke shi hujja sai an bi gida-gida an tattara, an zana shi a taswira. Aikin watanni ne.

Wa ke bayarwa?

Ba asusu ɗaya ba ne. Hukumar tantance tasirin manyan ayyuka ta tarayya, wadda dokar 2019 ta kafa, tana da shirin tallafin halarta, tana kuma da wani na dabam don gina ƙwarewar al'ummomin. Hukumar kula da makamashi da ta kula da nukiliya kowacce na da nata. Larduna ma suna bayarwa, kamfanoni kuma kan ƙulla yarjejeniya kai tsaye da al'umma su biya.

Al'adar ta girmi hukuncin Haida. Tun tsakanin 1974 da 1977, lokacin da aka naɗa Mai shari'a Thomas Berger ya binciki shirin bututun gas a kwarin kogin Mackenzie, ya matsa aka bai wa ƙungiyoyin 'yan asali kuɗin shiryawa, shi kuma ya zaga garuruwa 35 yana sauraron mutane da harsunansu. Ya ba da shawarar a dakatar da aikin shekara 10 har a warware batun filaye.

Kenan doka ta tilasta a biya?

Ba a kowane hali ba. Kotun Ƙoli ba ta ce duk tuntuɓa sai da kuɗi ba. Tana duba rashinsa ne a matsayin ɗaya daga alamun cewa tuntuɓar ta jeka-na-yi-ka ce. A 2017 wata kotu a lardin Ontariyo ta matsa gaba a shari'ar al'ummar Saugeen kan lasisin fasa dutse, inda ta nuna bai dace a bar al'umma ta ciro daga ɗan abin da take da shi don gwamnati ta sauke nauyin da ke kanta ba. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin 'yan asali ta 2007 ma ta ambaci haƙƙin samun tallafin kuɗi da na ƙwarewa. Kanada na cikin ƙasashe huɗu da suka ƙi ta a lokacin, Najeriya kuma ta ƙaurace wa ƙuri'ar. Daga baya Kanada ta sauya matsayi, ta yi dokar aiwatar da ita a 2021.

Ai an ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Karɓar kuɗin ba amincewa ba ce?

A ƙa'ida a'a. Kuɗin na halarta ne, kuma al'ummomi da dama sun karɓa, sun ɗauki masana da shi, sun fito sun yaƙi aikin har kotu. Sai dai fargabar ba ta banza ba ce. Idan aka je gaban alƙali, gwamnati kan lissafa nawa ta bayar da zama nawa aka yi a matsayin shaidar ta sauke nauyi. Shi ya sa wasu shugabanni kan rubuta ƙarara cewa karɓarsu ba ta nufin sun yarda, ba ta kuma nufin kuɗin ya isa. A ganina kuɗin da ya fi zama abin damuwa shi ne wanda ke fitowa daga aljihun kamfanin da ake tantancewa, domin shi ne ke da ta cewa kan nawa za a bayar da kuma yaushe.

Akwai kuma tambayar wa ke karɓa a madadin jama'a. A rikicin bututun gas na Coastal GasLink da ke lardin Biritish Kolombiya, zaɓaɓɓun majalisun al'ummomi 20 da ke kan hanyar sun sa hannu da kamfanin, amma sarakunan gargajiya na al'ummar Wet'suwet'en suka ce ikon ƙasar kakanni a hannunsu yake, ba a hannun majalisun da dokar gwamnati ta 1876 ta samar ba. A farkon 2020 zanga-zangar goyon bayansu ta tsayar da jiragen ƙasa a sassan Kanada.

Idan an biya, shi ke nan magana ta ƙare?

Ina! A watan Agustan 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta soke izinin faɗaɗa bututun mai na Trans Mountain, alhali an ba da kuɗin halarta, an kuma yi taruka barkatai. Laifin shi ne jami'an da aka tura sun zama masu rubuta koke kawai, ba su da ikon tattauna mafita. Hukuncin ya faɗo ne a ranar da masu hannun jarin kamfanin Kinder Morgan, mamallakin bututun, suka amince su sayar wa gwamnati bututun a kan dalar Kanada biliyan 4.5. Aka sake tuntuɓar, aka sake ba da izini a 2019, kotu ta amince da shi a 2020, mai ya fara bi ta sabon bututun a 2024. Domin tun a shari'ar Haida kotu ta ce haƙƙin a tuntuɓe ka ba ikon hawa kujerar na-ƙi ba ne.

Mene ne babban ƙorafin masu karɓar?

Kuɗin kan yi kaɗan, ya kuma zo a makare. Ana buɗe neman tallafi, al'umma ta cike takardu, ta jira, alhali agogon wa'adin mayar da amsa yana ta tafiya. Mafi muni shi ne yawancinsa aiki-aiki ake bayarwa. Idan aikin ya ƙare kuɗi ya yanke, ma'aikacin da ya koyi karanta rahotannin ya tafi neman abinci wani wuri, masanin da aka ɗauko haya daga birni ya koma da abin da ya sani. Kamfani na gaba na zuwa, a koma farawa daga tushe. Saboda haka ne shugabanninsu ke neman a riƙa ba su kason shekara-shekara na gudanar da ofisoshin filaye na dindindin da 'ya'yansu za su riƙe, wanda ba ya rataye da wani aiki ko wani kamfani.